Tambaya da Amsa: Sayen Sabuwar Mota Haibirid da Lallaɓa Ta a Kilomita 1,000 na Farko

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, har litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024, wasiƙun da ke zuwa wannan fili suka sauya salo. A da ƙarfin inji da gudu ake tambaya, yanzu kuwa kowa cigiyar motar da ba ta shan mai yake yi. A wannan fitowa na ware wasiƙun da suka shafi motar haibirid, wato mai haɗa injin fetur da injin lantarki a jiki ɗaya, musamman na waɗanda suke shirin sayen sabuwa ko suka riga suka saya.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaci ne a Kano, kullum ina tasowa daga Hotoro zuwa cikin gari, kuma kuɗin mai ya kusa cinye albashina. Na yi niyyar sayen sabuwar haibirid, amma abokaina suna ta tsorata ni cewa batirinta ba ya daɗewa, kuma a inda wutar lantarki ba ta tsayawa ba zan sami inda zan yi mata caji ba. Ina gaskiyar wannan magana, kuma me zan duba kafin in biya kuɗi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokanka sun haɗa motoci iri uku sun ba su suna ɗaya, shi ya sa maganar ta rikice. Akwai wadda ɗan ƙaramin batirinta taimaka wa injin fetur kawai yake yi wajen tashi, ba ya iya tafiya da motar shi kaɗai, kuma ragin man da take yi kaɗan ne. Akwai wadda ake jona wa wuta a gida, mai babban batir, wadda take tafiyar kilomita masu yawa kafin ta nemi fetur. Wannan ce take bukatar tsayayyiyar wuta, domin idan ba a yi mata caji ba, nauyin batir kawai kake ɗauka kana yawo da shi. Sai kuma ta tsakiya, wadda ita ce mafi yawa a titunanmu, irin Prius da Camry da RAV4 da Corolla Cross na kamfanin Toyota. Ita wannan babu ruwanta da wutar gida ko janareto, da kanta take cika batirinta, daga injin fetur da kuma daga birki: duk lokacin da ka ɗaga ƙafa daga totur ko ka taka birki a hankali, injin lantarkin yakan juye ya zama janareto, ya mayar da ƙarfin gudun motar cikin batir maimakon ya tafi a banza a matsayin zafi. Wannan ne ya sa cunkoson da ke ƙone maka mai a yanzu, shi ne inda haibirid ta fi nuna bajintarta.

Fasahar kuma ba baƙuwa ba ce, tun a watan Disamba na 1997 aka fara sayar da Prius a Japan. Kwamfutar motar ba ta barin batirin ya cika maƙil ko ya ƙare ƙaf, tana riƙe shi a tsakatsaki, kuma wannan na daga cikin dalilan daɗewarsa. A Amurka, daga motocin 2020 kamfanin Toyota ya mayar da garantin wannan batir shekara 10 ko mil 150,000, wato kusan kilomita 240,000, abin da kamfani ba zai yi ba a kan kayan da ke mutuwa a shekara biyu.

To amma a nan ne nake so ka buɗe ido. Garanti yana bin kasuwar da aka yi wa motar ne, saboda haka motar da wani ɗan kasuwa ya sayo daga Amurka ko Dubai ya shigo da ita, ko da sabuwa ce dal da ledarta, kada ka ɗauka garantin can ya biyo ta har Kano. Ka tambayi mai sayarwa ya nuna maka a rubuce shekara nawa aka ba batirin, kuma a wane gareji za a karɓi motar idan ta sami matsala. Ka duba lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba da kuma jikin ƙofar direba, ka tabbata ita ce a takardun kwastan. Ka karanta watan da aka ƙera motar, sannan ka sunkuya ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, domin motar da ta shekara biyu a ajiye cikin rana sabuwa ce a maleji kawai. Kafin duk wannan, ka nemo bakaniken da ya san haibirid kuma yake da na'urar kwamfutar da ke karanta lafiyar batirinta. A ganina, wanda bai sami wannan bakanike ba bai gama shirin sayen motar ba, komai yawan kuɗin da ke hannunsa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni malamar asibiti ce a Kaduna. Makon jiya na karɓi sabuwar Corolla Cross haibirid, malejinta bai kai kilomita 50 ba. Yayana ya ce in ba shi ita ya zuba mata wuta har Abuja domin inji ya buɗe, maigidana kuma ya ce kada in wuce gudun 50 har tsawon wata uku, sannan wata abokiyar aikina ta ce dole in bar batirin ya ƙare sannan ya cika sau uku kamar na sabuwar waya. Maganar wa zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Dukkansu ukun alheri suke nufinki da shi, amma ina roƙonki kada ki bi ko ɗaya daga cikinsu, ki bi littafin da ya zo da motar. Abin da kamfanin Toyota ya saba rubutawa a littattafan waɗannan motoci taƙaitacce ne: a kilomita 300 na farko a guji taka birki da ƙarfi farat ɗaya, sannan a kilomita 1,000 na farko a guji gudun wuce kima, a guji figar mota da totur, kuma kada a daɗe ana tafiya a kan gudu ɗaya ba sauyi. A motocin da aka yarda su ja tirela, an ce a dakata har sai an wuce kilomita 800. Ki buɗe naki littafin ki ga lambobin da ke ciki, domin su ne hujja.

Bari in yi bayanin dalili, saboda idan kika fahimce shi ba wanda zai sake rikita ki. A cikin kowane injin fetur akwai fistin da ke hawa da sauka a cikin silinda, kuma a jikin fistin akwai zobban ƙarfe da bakanikai ke kira ring. A masana'anta ana barin bangon silinda da ɗan kaushi da gangan, wasu siraran zane masu gilma juna waɗanda ido da ƙyar yake gani, domin su riƙe baƙin mai, ring kuma ya goga a jikinsu a hankali har ya zauna daram. Idan ring ya zauna da kyau, inji ba zai riƙa shan baƙin mai ba, kuma ƙarfinsa ba zai zurare ba. Zaman nan yana bukatar nauyi matsakaici mai hawa da sauka. Idan aka zuba wa sabon inji wuta kamar yadda Yaya yake so, zafi ya yi yawa a kan ƙarafan da ba su gama sabawa da juna ba. Idan kuma aka yi ta jan ƙafa a gudun 50 wata uku, ring bai sami matsin da zai danna shi a jikin bango ba, ballantana a haibirid, inda injin fetur yakan kashe kansa idan tafiya ta yi sanyi.

Wannan batu na ƙarshe shi ne bambancin haibirid da sauran motoci, kuma mutane ƙalilan ne suke lura da shi. A motar fetur zalla, kilomita 1,000 a maleji kilomita 1,000 ne a jikin inji. A haibirid kuwa, idan zirga-zirgarki daga gida zuwa asibiti ce cikin cunkoson Kawo ko titin Ahmadu Bello, wani kaso na tafiyar injin lantarki ne ya yi shi, na fetur yana hutawa. Saboda haka shawarata ita ce ki haɗa tuƙin cikin gari da 'yar doguwar tafiya. Ki ɗauki hanyar Zariya a ƙarshen mako, ki bar motar ta yi zafi sosai, ki yi tafiya a 70, ki hau zuwa 90, ki ɗaga ƙafa ta sauko da kanta, ki sake hawa a hankali, ba tare da kin danne totur har ƙasa ba. Kada ki kunna na'urar da ke riƙe gudu ɗaya a wannan lokaci. Zuwa Abuja ma ba laifi ba ne idan da irin wannan tuƙi za a je, laifin yana ga wutar da Yaya ya ce zai zuba.

Birki ma yana da nasa sabo. Da yake injin lantarki ne ke rage yawancin gudun motar, takalman birki ba sa kama faranti sosai sai an taka da ƙarfi ko mota ta kusa tsayawa, don haka sukan ɗauki lokaci kafin su daidaita da juna. Ki bar tazara mai yawa tsakaninki da na gabanki, musamman da yake sababbin tayoyi ma suna da ɗan santsi a kilomitocin farko. Amma idan yaro ko Keke Napep ya faɗo miki, ki taka birki iyakar ƙarfinki, domin rai ya fi takalmin birki.

Maganar abokiyar aikinki kuwa ki ajiye ta gefe. Babban batirin, wato wanda ke ba injin lantarki wuta, ba ya bukatar wani horo, kuma ko kin so ba ki da hanyar ƙarar da shi ko cika shi, kwamfuta ce ke da wannan iko. Idan kika ga alamar batir a allo tana hawa tana sauka, aikinsa yake yi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, yaushe zan yi wa sabuwar haibirid juyen farko? Bakanikena na shekara da shekaru a Zariya ya ce man da aka rubuta a murfin injin ya cika ruwa-ruwa, na ƙasashen sanyi ne, gara in zuba mai kauri saboda zafinmu.

Amsa: Alhaji, ina girmama tsofaffin bakanikanmu, domin su ne suka riƙe motocin ƙasar nan da ɗan abin da ke hannunsu, amma a wannan magana ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Ya saba da injunan da ake zuba wa baƙin mai mai kauri, mai lamba 20W-50, alhali waɗannan sababbin an ƙera su da matsattsun hanyoyin mai, kuma yawancinsu mai ruwa-ruwa, 0W-20 ko 0W-16, aka rubuta musu. Ka tuna cewa injin haibirid yana mutuwa yana tashi sau da dama a tafiya ɗaya, kuma a kowane tashi ana so mai ya isa saman inji nan take. Mai kauri yana jinkirin isa, ƙarfe ya goga ƙarfe, sannan shan fetur ya ƙaru, ka ga an yi ba a yi ba. Idan littafin motar ya ba da zaɓin wani mai don wurare masu zafi, ka tsaya a cikin zaɓin, kada ka ƙetare shi.

Game da lokaci, idan dillalin da ya ba ka garanti ya ce ka kawo ta dubawar farko a kilomita kaza, ka kai ta a kan kari, kuma ka adana rasit. Ni a karan kaina ina son a yi juyen farko da wuri, da zarar an gama kilomita 1,000 zuwa 1,500, a fitar da ɗan garin ƙarfen da sabon inji ke zubarwa. Wannan ra'ayina ne, kuma kuɗinsa bai kai ya kawo ba idan aka kwatanta da kuɗin motar. Bayan haka kada ka bi dogon wa'adin da ake yi wa titunan Turai. Littattafan Toyota na Amurka sun ce motar da ke bin hanya mai ƙura a yi mata juye duk mil 5,000, wato kusan kilomita 8,000, ko duk wata 6, kuma hanyoyinmu a wannan sahu suke.

Ka ja kunnen bakaniken a kan abubuwa biyu. Duk wayar da ya gani mai ruwan lemo kada ya taɓa ta, wuta ce mai ƙarfi da ta kai wajen bolt 200 ko fiye, tana iya kisa. Sannan na'urar sanyaya motar da lantarki take aiki, tana da nata mai na musamman da Toyota ke kira ND-11, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. Idan mai gyaran sanyi ya zuba na sauran motoci, zai iya jawo ɓarna mai tsada.

Tambaya: Malam, an ce mini motar tana shan lita 4 da ɗoriya a kilomita 100, amma tawa sabuwa tana nuna kusan 6. Ko an cuce ni ne?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa. Lita 4.3 da ake rubuta wa Corolla Cross haibirid mai inji 1.8, irin wadda ake haɗawa a Durban ta Afirka ta Kudu tun 2021, sakamakon gwaji ne a yanayi na musamman, ba tare da zafin Afrilu da na'urar sanyi a ƙure ba. Sabon inji yana da ɗan tauri, gajeruwar tafiya tana sa shi ya yi ta aiki don ya ɗumama kansa, gudu mai yawa a babbar hanya kuma yana rage amfanin batir. Ka duba iskar taya da safe, ka cika tanki, ka rubuta maleji, ka sake cikawa ka yi lissafi da kanka bayan ka wuce kilomita 2,000 ko 3,000. Sannan ka riƙe gidan mai ɗaya da ka amince da shi, ka nisanci 'yan bumburutu; ba mu manta da gurɓataccen fetur ɗin da ya lalata motocin jama'a a watan Fabrairu na 2022 ba. Kada kuma ka bari fetur ya ƙare ƙaf da tunanin batir zai kai ka gida, domin ba don haka aka yi shi ba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sakkwato, kuma ka san zafinmu da ƙurarmu. Anya sabuwar haibirid za ta jure?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Za ta jure idan ka kula da abu guda da yawancin masu motar ba su ma san da shi ba, kuma a wurina ya fi duk wata dokar kilomita 1,000 muhimmanci a ƙasarmu. Babban batirin, wanda a yawancin waɗannan motoci yake ƙarƙashin kujerar baya, da iska ake sanyaya shi. Wata 'yar fanka ce take zuƙo iskar cikin mota ta wata ƙofa mai raga a gefe ko ƙasan kujerar, ta hura a jikinsa. Zafi shi ne babban abokin gabar batir, kuma a garin da ake haura digiri 40 a bazara, wannan fanka ita ce ransa.

A hunturun bara na tsaya a wani gareji, aka kawo wata haibirid da ba ta cika shekara biyu ba, mai ita yana kukan cewa ƙarfinta ya ragu, injin fetur ya daina hutawa, kuma yana jin wani huci daga baya. Yaron garejin ya durƙusa ya ɓalle murfin ragar, ya zaro matatar, sai ga ta ta zama kamar guntun tsohon bargo: jar ƙura ta daskare, ga zaren darduma, ga ɓawon gyaɗa, har da ledar alewar yara ta manne a bakin ƙofar. Ya kaɗe ta, ya zuƙe ƙurar, ya mayar, kuma kafin mu bar wurin hucin ya lafa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mai motar bai taɓa sanin akwai ƙofa a wurin ba, har ma yakan jingina jakarsa a kanta.

Saboda haka tun ranar da ka karɓi motar ka sa a nuna maka wannan ƙofa, ka nuna wa iyalinka da direbanka. Kada a toshe ta da kaya, ko babbar riga, ko rigar kujerar da masu kwalliyar mota ke ɗinkawa, kuma idan za a wanke cikin mota kada ruwa ya shiga ta nan. A lokacin hunturu a duba matatar duk wata. Ka nemi inuwa idan za ka ajiye motar, kuma idan ta sha rana ka sauke gilasai zafin ya fita sannan ka kunna sanyi, domin iskar da kake shaƙa ita batirin yake shaƙa. Da damina kuma ka guji kutsawa cikin ruwan da ya kai ƙasan ƙofa.

Tambaya: Malam, na sayi motar wata biyu kafin tafiyata aikin Hajji, kuma zan yi kusan kwana 40 ba na nan. In rufe ta a gareji har in dawo, ko yaya zan yi?

Amsa: Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya, Alhaji, ya dawo da kai lafiya. Babban batirin ba zai damu da kwana 40 ba. Abin da littafin Toyota ya nema shi ne a tuƙa motar aƙalla sau ɗaya a cikin 'yan watanni, na minti 30 ko kilomita 16. Wanda ke ba da matsala shi ne ƙaramin batir mai bolt 12, wanda ke tayar da kwamfutocin motar, domin idan ya yi sanyi motar ba za ta amsa ba ko da babban a cike yake, kuma haibirid ba a tura ta ta tashi. Ka ba wani amintacce makulli, ya riƙa kunna ta sau ɗaya a mako har kalmar READY ta fito a allo, ya bar ta a haka kamar awa ɗaya, giya tana kan P, ba a kan N ba, domin a kan N babban batirin ba ya samun caji.

Ka gargaɗe shi da babbar murya cewa ya fito da ita fili ko ya buɗe ƙofar garejin gaba ɗaya. Motar tana yin tsit kamar a kashe take, alhali injin fetur yana iya tashi da kansa a kowane lokaci, kuma hayaƙin salansa a rufaffen wuri yana kisa kamar na janareto. Kafin ya tafi ya tabbata kalmar READY ta ɓace daga allo, ya kulle motar, ya kai makullin cikin gida nesa da ita. Idan kuma ta ƙi tashi, a haɗa mata wani batir mai bolt 12 a wurin da littafin ya nuna, idan kuwa ta kai ga ɗauka, a nemo janwe mai ɗora ta gaba ɗaya a bayansa, kada a ja ta da igiya tayoyinta suna juyawa a ƙasa.